Jirin da ya ƙi tafiya da ƙwayar damuwar da ta ƙi saki: yadda ake raba su, a sauka lafiya

Akwai maras lafiyar da duk takardunsa ke cewa lafiyarsa lau. An auna tansiyo, an ɗebi jini, an nemi masassara ba a samu ba, wani ma har ya biya kuɗin hoton kai aka ce babu komai. Amma ga watanni sun shuɗe ƙasa ba ta tsaya masa da kyau ba. In ya shiga Babbar Kasuwa ko Katako sai ya nemi abin dafawa. Daga baya wani likita ya ce damuwa ce, ya rubuta masa ƙwaya. Ta ɗan taimaka, ko ba ta taimaka ba. Ranar da ya ce bari ya bar ta, kwana biyu ko uku sai jirin ya dawo ya fi na da, ga tashin zuciya, ga wani abu mai fizga cikin kai kamar an taɓa wayar wuta. Ya koma wa ƙwayar ya samu sauƙi. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci: ko dai ciwon bai warke ba, ko kuwa ya zama bawan magani.

Sau da yawa babu ko ɗaya cikin biyun. Jiri biyu ne suka sarƙe: wanda ya kai mutum ga maganin tun farko, da wanda barin maganin da gaggawa ke haifarwa. Kowanne da hanyarsa, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai yi ta hawa da sauka shekara da shekaru. Matakan da ke tafe da likita ake yin su. Amfaninsu shi ne ka shiga ofishinsa ka san abin da za ka faɗa da abin da za ka roƙa, tunda layin yana da tsawo, lokacin ganawar kuma gajere ne.

Mataki na 1: Kada ka taɓa adadin tukuna, ka san abin da kake sha

Ɗauko kwalin ka karanta. Mutane da dama ba su ma san maganin damuwa suke sha ba, don an ba su shi ne saboda rashin barci, ko ciwon kai mai dawowa, ko zafin ƙafafun masu ciwon suga. Laroxyl, wanda wani kwalin ke ɗauke da sunan amitriptyline, shi ne babban misali. Sauran da ake rubutawa su ne Anafranil, Prozac ko fluoxétine, Deroxat ko paroxétine, Zoloft ko sertraline, Seroplex ko escitalopram, da Effexor ko venlafaxine.

Sunan yana da muhimmanci don ba duka suke barin jiki da sauri ɗaya ba. Rabin Effexor yana fita daga jini cikin awa 5 ko makamancin haka, abin da hanta ke juya shi zuwa gare shi kuma cikin kamar awa 11. Deroxat kwana ɗaya ne. Shi ya sa masu shan waɗannan biyun suka fi kowa shan wahala, har wani in ya manta ƙwayar safe kafin la'asar kansa ya fara gaya masa. Prozac kuwa yana ɗaukar kwanaki 4 zuwa 6, ragowarsa ta fi haka daɗewa, saboda haka yakan sauka da kansa a hankali, alamunsa kuma in za su zo sai bayan makonni, lokacin da mutum ya riga ya manta ya daina shan wani abu.

Rubuta suna, da miligiram nawa, da watan da ka fara. Sannan ka tattara duk wani abin da kake haɗiya cikin leda ɗaya: maganin tansiyo, na ciwon jiki, na gargajiya, da wanda aka saya a tiren mai talla. Abu biyu nake so ka ware musamman. Na farko ƙwayoyin barci da kwantar da hankali irin su Valium, Lexomil da Xanax. Su ba maganin damuwa ba ne, dangi ne dabam, su ma suna sa jiri, kuma yanke su lokaci ɗaya bayan an daɗe ana sha na iya kawo farfaɗiya. Ba a sauka daga su da maganin damuwa a lokaci guda. Likita zai zaɓi wanda za a fara da shi. Na biyu tramadol. Ban da kashe ciwo, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa iri ɗaya da waɗanda Effexor ke taɓawa, haɗa shi da maganin damuwa na iya kawo zazzaɓi da rawar jiki da ruɗewa da farfaɗiya. In kana shansa, ko don ƙarfin aiki ne, faɗa wa likita. Ɓoye wannan shi ne ya fi komai ɓata lissafi.

Mataki na 2: Alamun da ba a jira da su

Wannan gajere ne. In jiri ya zo tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ganin abu biyu-biyu, ko kasa tsayuwa gaba ɗaya, ko ciwon kan da ba ka taɓa jin irinsa ba, a tafi sashen gaggawa a lokacin, ba gobe ba. Haka in kunne ɗaya ya kurumce farat ɗaya, ko ka suma, ko ƙirji na ciwo, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a rani lokacin sanƙarau. In kuma tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ko wata irin rashin natsuwa da ba ka iya zama wuri ɗaya, ka gaya wa wani na kusa da kai yau, a raka ka asibiti.

Mataki na 3: Mako biyu kana rubuta jirin

Sayi ƙaramin kaye irin na ƴan makaranta. Kullum ka rubuta: yaushe ya zo, me kake yi, minti nawa ya yi, ƙarfe nawa ka sha ƙwaya, yaya barcin jiya. "Ina jin jiri" ba ya gaya wa likita komai. Abin da ke buɗe masa hanya shi ne yadda yake zuwa.

In ɗaki ne ke juyawa da gaske, na ƴan daƙiƙu, bai kai minti ɗaya ba, lokacin da ka juya a shimfiɗa ko ka ɗaga kai sama ko ka tafi sujada, to galibi ƴan ƙananan duwatsu ne na cikin kunne suka bar mazauninsu suka faɗa wata kafa. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yana gane shi da gwaji ɗaya a kan gado, yana kuma mayar da su da wani jujjuya kai da ake kira dabarar Epley, cikin ƴan mintoci, ba ƙwaya ba allura. Abin takaici ne mutum ya yi shekara yana shan magani a kan abin da hannu ke gyarawa.

In ido ne ke yin duhu sa'ad da ka miƙe daga zaune, ko ka ɗago daga ruku'u, ya wuce in ka zauna, to jini ne ba ya isa kai da sauri. Laroxyl da Anafranil sun shahara da wannan, haka magungunan tansiyo, haka ƙarancin ruwa a jiki.

In yana zuwa na awoyi, da ciwon ɓarin kai ko ƙin haske da ƙara, akwai nau'in ciwon ɓarin kai mai zuwa da jiri, wani lokaci ma ba tare da ciwon kan ba. In yana zuwa da ƙugi a kunne da raguwar ji, aikin likitan kunne ne.

In kuwa ba juyawa ba ne, tangaɗi ne na kusan kullum, kamar mai tsaye cikin kwalekwale, ya fi ƙarfi in kana tsaye ko cikin cunkoso, ya lafa in ka kwanta, ka riƙe wannan, za mu zo kansa.

Sai na ƙarshe: wanda ke bin agogon ƙwaya. Ya tashi in ka makara da sha, ko ranar da ta ƙare kana yawon neman farmasin da ke da ita, ya kwanta bayan ka sha. Wannan na maganin ne.

Mataki na 4: Gwaje-gwajen da suka cancanci kuɗinka

Mafi amfaninsu su ne mafi araha, kuma yawanci ba a yin na farkon sai an roƙa. Ka ce a auna maka tansiyo kana kwance bayan hutun minti 5, a sake aunawa bayan ka tsaya minti 1, a sake a minti 3. A lissafin da muka saba, irin na 12/8, in na sama ya sauka da 2 ko na ƙasa da 1, an samu dalili. Kowace CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko gari, za ta iya yin wannan.

Sai yawan jini, musamman ga mata masu zubar da jini da yawa a al'ada ko waɗanda ba su daɗe da haihuwa ba. Sai suga. Sai masassara. Sai gishirin jini, wanda ake yawan mantawa: su Zoloft da Seroplex da Deroxat suna iya rage shi, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin tansiyo mai sa fitsari, kuma alamarsa jiri ce da kasala da ruɗewa. In akwai bugun zuciya ko kana kan Laroxyl mai yawa, a ɗauki zanen bugun zuciya.

Ka tuna kuma da allurar da aka yi maka kafin jirin ya fara. Kinin yana sa jiri da ƙugin kunne, amma yakan wuce. Jantamisin da sitireftomisin kuwa suna iya lalata sashen kunne mai riƙe daidaito, lalacewar da ba ta cika gyaruwa ba, mai ita kuma yakan ce duniya na tsalle a idonsa in yana tafiya, ya fi shan wahala cikin duhu. Duba karnenka na asibiti.

Hoton kai yana da wurinsa, in likita ya ga alamar da ta sa shi shakka. Amma yin sa sau biyu sau uku don neman kwanciyar hankali, a ganina, asarar kuɗin da ya kamata ya tafi wajen kine ne, wato ma'aikacin lafiya mai gyara jiki da atisaye.

Mataki na 5: In duk an duba ba a samu komai ba

"Ba a samu komai ba" ba ya nufin ƙarya kake yi, ba ya kuma nufin iska ce ko sammu. A 2017 ƙungiyar likitocin jiri ta duniya, Ƙungiyar Bárány, ta fitar da sharuɗɗan wani ciwo da ake taƙaita sunansa da PPPD, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi a sabon kundinta na cututtuka. Sharuɗɗan su ne: tangaɗi ko jiri maras juyawa a yawancin ranaku, na wata 3 ko fiye, mai ƙaruwa da tsayuwa, da motsi, da kallon abu mai yawan motsi ko yawan zane.

Yadda yake kafuwa shi ne wannan. Wani abu ya taɓa girgiza mutum: ciwon kunne, faɗuwa daga babur, masassara mai tsanani, ko firgici mai ƙarfi. A lokacin ƙwaƙwalwa ta daina yarda da kunne, ta koma dogaro da ido, ta ɗaure wuya da ƙafafu, tana gadin kowane taku. Asalin ciwon ya warke amma gadin bai tashi ba. Shi ya sa layin masu atamfa a kasuwa, ko cunkoson Wadata da yamma, ko ƙetare Gadar Kennedy a bayan kabu-kabu ruwa na gudu a ƙasa, ko jan hotuna a waya, duk suke tayar da shi. Tsoro ya sa numfashi ya yi sauri, saurin numfashi ya ƙara jiri, jiri ya ƙara tsoro.

Ga inda abin ya ɗaure: magungunan da ake bayarwa don wannan ciwon su ne dai su Zoloft da Effexor, kuma suna taimaka wa wasu da gaske. Wato ƙwayar da aka ba ka don jiri ita ce mai kawo jiri in ka sake ta da sauri. Don haka kafin a fara sauka, a fara koya wa ƙwaƙwalwa sake yarda da jiki.

Atisayen ba shi da wuya. Manna wata alama a bango daidai idonka, ka zauna nesa da ita kamar tsawon hannu, ka kafe ta da ido kana juya kai dama da hagu na rabin minti, sannan sama da ƙasa. Sau uku a rana. Bayan mako ɗaya ko biyu ka yi shi a tsaye, daga baya kana tafiya a tsakar gida. Ka fita tafiyar ƙafa kullum da sanyin safiya. Kasuwa kuma kada ka ƙaurace mata: fara da shagon unguwa minti biyar, ka ƙara a hankali. Dole jirin ya ɗan tashi lokacin atisaye, shi ne alamar aikin na ci. Abin da ake so ya lafa cikin kwata awa ko makamancin haka. In ya kwantar da kai yini guda, ka wuce gona da iri, rage. In kana da halin ganin kine da ya san aikin daidaito, ya fi.

Kwanciya da guje wa motsi su ne abincin wannan ciwon. Haka ƙwayoyin kashe jiri irin su Stugeron da Agyrax: suna da amfani a kwanakin farko na jiri mai tsanani, amma shan su wata da watanni yana hana ƙwaƙwalwa koyo. Shayi zagaye uku da dare, da goro, da Nescafé, suna cin barci suna ƙara bugun zuciya; rage su kaɗan-kaɗan. Sallah kuma addini ya yarda a yi ta a zaune in tsayuwa ta gagara, sai dai kada zaman ya zama na dindindin saboda tsoro kawai.

Mataki na 6: Shin lokacin sauka ya yi?

Ba kowa ne ya kamata ya sauka yanzu ba. Ga ciwon damuwa, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a ci gaba da magani wata 9 zuwa 12 bayan an warke. Ta Ingila ta ce aƙalla wata 6. Wanda ciwon ya kama sau da yawa, ko ya taɓa yunƙurin halaka kansa, ko yake da ciwon da ke kai shi sama cikin zumuɗi ya dawo da shi ƙasa cikin damuwa, shawararsa ta likitan ƙwaƙwalwa ce. A Yamai sashen yana Babban Asibitin Ƙasa, wanda kowa ya sani da Pavillon E. Na san sunan kaɗai yana sa wasu ja da baya, suna cewa wurin mahaukata ne. Masu zuwa can da ƙafarsu, su karɓi ordonansi su koma bakin aikinsu, suna da yawa.

Ke kuma mai ciki ko mai shirin ɗauka, kada ki yar da ƙwayar ranar da kika ga alama. Ki je da kwalin wurin likita cikin makon, musamman in Deroxat ce, wadda ake kauce wa a watannin farko.

Sannan a duba kalanda. Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, wuta na ɗaukewa, barci ba ya samuwa, ba lokacin fara ragi ba ne, balle ga mai shan Laroxyl da ke rage gumi. Azumi ma haka: a bar adadin yadda yake, a tambayi likita ko a mayar da sha zuwa sahur ko bayan buɗa baki. Rasuwa, biki, jarrabawa, rikicin aure, duk a bari su wuce. In malam na yi maka ruƙiyya ko rubutu, babu wanda ya hana, amma in ya ce ka zubar da ƙwayar bature yau, ka ba shi haƙuri ka ce likita na sauke ka a hankali.

Ga likita kuma, magana a fili ta fi: "Likita, na gwada bari sau biyu, kowane karo bayan kwana uku jiri da amai suke kama ni, in na koma sai su tafi. Ina so ku sauke ni a hankali, ku rubuta mini matakan a takarda."

Mataki na 7: Saukar kanta

An daɗe ana gaya wa marasa lafiya cewa alamun barin maganin nan ƙanana ne, mako ɗaya ko biyu sun wuce. A 2019 hukumar da ke tsara jagororin magani a Ingila ta gyara maganarta, ta yarda cewa ga wasu suna da tsanani kuma suna daɗewa. Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2024, wanda ya haɗa bincike 79, ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 ko 7 ke samun alamun da maganin ne sanadinsu, kusan 3 cikin 100 kuma masu tsanani. Wasu masu bincike na ganin adadin ya fi haka ga waɗanda suka yi shekaru suna sha. Ko ta yaya, jiri ne kan gaba a jerin. Wannan ba maye ba ne irin na tramadol: ba ka marmarin ƙwayar, ba ka ƙara adadi don jin daɗi. Jiki ne ya daidaita kansa da ita, yana bukatar lokaci ya sake daidaitawa.

Abin da ya fi muhimmanci a duk jagorar nan shi ne wannan: ƙarshen sauka ya fi farkonta wuya. A 2019 Mark Horowitz da David Taylor sun nuna, da hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a baya, cewa ƙarfin maganin ba ya tafiya daidai da miligiram. Ga sitalofuram, wani maganin damuwa ɗan uwan Seroplex, miligiram 20 na toshe kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren da yake aiki, miligiram 5 kuwa har yanzu yana toshe kusan kashi 60. Kamar gishiri ne a miya: in ka rage daga yatsa huɗu zuwa uku ba kowa zai lura ba, amma daga ɗaya zuwa babu, kowa zai ce lami ce. Shi ya sa mutum ke raba ƙwaya biyu lafiya lau, ya raba huɗu da ɗan wahala, ya bar kwatan sai ya faɗi warwas, ya ɗauka ciwo ne ya dawo.

Don haka ragin ana yin sa ne daga adadin da kake kai yanzu, ba daga na farko ba. Wanda bai daɗe yana sha ba, kuma bai taɓa shan wahala ba, ana iya rage masa rabi ko kwata kowane mako 2 zuwa 4. Da kwata-kwata, mai miligiram 20 zai bi kamar haka: 20, 15, 11, 8, 6, 4, 3, 2, 1, sannan ƙasa da haka in da hali. Wanda ya yi shekaru, ko yake kan Deroxat ko Effexor, ko ya taɓa gwadawa ya kasa, ragin kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka ya fi masa: mai Laroxyl 50 ya koma 45, 40, 36, 33, 30, haka har ƙasa. Wannan na iya cin wata shida, na iya cin shekara ko fiye. Lissafin misali ne, jikinka da likitanka su ne masu tsayar da shi. Ƙa'idar ita ce ba a sake ragi sai alamun ragin baya sun lafa an samu aƙalla mako ɗaya ko biyu na natsuwa.

Matsalar ita ce yadda za a samu ƙananan adadin. Mafi sauƙi maganin ruwa ne. Laroxyl yana da na ɗigo, ɗigo ɗaya miligiram ɗaya. Seroplex ma haka. Prozac yana da na ruwa da ake aunawa. Tambayi mai farmasi ko yana da shi ko zai iya yin oda, ka kuma karanta takardar cikin kwalin ka tabbatar da ƙarfin ɗigon. Ƙwaya mai tsaga a tsakiya ana raba ta da reza mai tsabta. Wasu ƙwayoyin ana narka su a ruwan da aka auna, misali miligiram 10 cikin mililita 10, a girgiza sosai, a ja abin da ake bukata da sirinji ba allura, a zubar da saura. Amma ba kowace ke yarda da haka ba, sai mai farmasi ya ce. Duk kwalin da ka ga LP a jikinsa, wato mai sakin magani a hankali cikin jiki, kamar Effexor LP, ba a daka shi ba a tauna shi. Wani lokaci likita kan mayar da mutum kan Prozac don ya sauka daga can. Wannan ba dabarar da ake yi wa kai a gida ba ce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sha yau a tsallake gobe. Da Deroxat ko Effexor ko Zoloft, wannan jefa jiki ne cikin ƙaramin yankewa kowane kwana biyu. Gara ƙaramin adadi kullum, a lokaci ɗaya. Prozac kaɗai ke jure tsallake rana.

Sai tanadi. Yawancin yankewar da ake yi a nan ba da niyya ake yin ta ba: magani ya ƙare, farmasin unguwa ba shi da shi, kuɗi bai zo ba, ko randebu ya yi nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi sabon kwali tun saura na kwana goma. Wanda ke zuwa daga Tawa ko Ƙonni don ganin likita, da mai shirin tafiya cin rani, su roƙi ordonansin da zai kai su, su riƙe hotonsa a waya. Kada a cike giɓi da na tire, wanda ya sha rana ba a san abin da ke cikinsa ba. Laroxyl kuma a kulle shi nesa da yara, don kaɗan daga cikinsa na iya tsayar da zuciyar yaro.

In masassara ta kama ka ana cikin sauka, a yi maganinta ba jinkiri, amma ka nuna kwalinka: takardar Coartem ta yi gargaɗi game da haɗa shi da Laroxyl da Anafranil, kinin ma yana taɓa bugun zuciya. Ragin kuma a dakatar da shi sai ka murmure.

Mataki na 8: In ƙafa ta zame

Bayan wani ragi za ka iya jin jiri, fizgar nan ta cikin kai in ka juya ido, mafarkai masu nauyi, gumi, saurin fushi, kuka ba dalili. Kayen nan zai raba maka gardama. Alamun barin magani suna zuwa cikin kwanaki bayan ragi, suna zuwa da abubuwan jiki da ba ka taɓa ji ba kafin ka fara sha, suna tashi su kai ƙololuwa su sauka, kuma in aka koma adadin baya sukan lafa cikin ƴan kwanaki. Dawowar ciwon damuwa kuwa a hankali take shigowa, bayan makonni ko watanni, da fuskar da ka riga ka sani: rashin jin daɗin komai, ƙin mutane, ganin kanka ba a bakin komai ba.

In alamun masu jurewa ne, tsaya a inda kake, ka sha ruwa, ka ci gaba da atisaye, kada ka hau babur ko ka tuƙa mota ranar da kai ke yawo. In sun hana ka aiki ko barci, koma adadin ƙarshe da ka zauna lafiya a kansa, ka jira mako biyu zuwa huɗu, ka sake gwadawa da rabin ragin da ya kayar da kai, ka sanar da likita. Wanda ya riga ya yanke gaba ɗaya makonni da suka wuce kada ya koma cikakken adadin da kansa. Likita kan fara da ƙarami ya ga yadda jiki zai karɓa.

Ka samu mutum ɗaya a gida da ya san jadawalin, mata ko miji ko yaya, don shi zai riga ka ganin canjin hali. Bayan ɗigon ƙarshe kuma a riƙe randebu ɗaya bayan wata guda, wani bayan wata uku, a je da kayen.